Iskar ƙofar makaranta: abin da firamaren Landan suka iya, da inda ƙarfinsu ya tsaya

A watan Mayun 2016, 'yan kwanaki bayan Sadiq Khan ya hau kujerar magajin garin Landan, aka fito da wani rahoto da ya daɗe a ajiye. Tun 2013 aka kammala shi, zamanin Boris Johnson, amma jama'a ba su gan shi ba. Rahoton ya nuna cewa a shekarar 2010, makarantun firamare 433 daga cikin 1,777 da ke birnin suna zaune ne a wuraren da gurɓatacciyar iskar NO2 ta haura iyakar da doka ta gindaya. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Abin da ya fi ciwo shi ne wajen huɗu cikin biyar na waɗannan makarantu, na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, waɗanda iyayensu da yawa ko mota ba su mallaka ba. Hayaƙin wasu suke shaƙa.

Daga wannan rahoto aka shiga wani aiki na shekaru wanda makarantun firamare suka kasance a tsakiyarsa. Ya dace a bi shi daki-daki, domin a wurare da dama idan aka ce makaranta ta taimaka wajen yaƙi da gurɓatar iska, abin da ake nufi bai wuce a koya wa yara darasi, su zana hotuna, a dasa bishiya biyu ba. A Landan an wuce nan, kuma an auna sakamakon da na'ura, saboda haka ana iya ganin abin da ya yi aiki da wanda bai taka kara ya karya ba.

Abin da yaran ke shaƙa

Landan ta san baƙin hayaƙi tun da daɗewa. A watan Disambar 1952 hazon hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin kwana biyar, aka ƙiyasta mutum 4,000 sun mutu a lokacin, daga baya masu bincike suka ce adadin ya kai wajen 12,000. Wannan ne ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956. Amma wancan hayaƙi ido na ganinsa, hanci na jinsa. Na yanzu kuwa sai gari ya waye tangaran, sama fes, alhali iskar da ke bakin titi cike take da guba.

Abu biyu ne kan gaba. Na farko NO2, wato nitirojin dayoksaid, wadda ke fitowa daga injin mota, musamman mai shan dizal. Tana kumbura hanyoyin numfashi, tana tayar da asma. Iyakar doka a Birtaniya ita ce mikrogiram 40 a kowace mita kubik ta iska, a matsakaicin shekara. Na biyu PM2.5, ɓurɓushin toka da ƙura da hayaƙi wanda silin gashin mutum ya ninka shi kauri kusan sau 30. Yana fita daga salansa, daga goguwar taya da burki a kan kwalta, da kuma murhun itace. Saboda ƙanƙantarsa yakan kai can ƙuryar huhu, har ya ratsa cikin jini.

Yaro ya fi babba shiga haɗari. Numfashinsa ya fi sauri, huhunsa bai gama ginuwa ba, kuma gajartarsa ta sa hancinsa ya fi kusa da bakin salansa. Tsakanin 2009 da 2014 masana daga jami'o'in Queen Mary da King's College suka bi yara 2,164 'yan shekara takwas zuwa tara a makarantun firamare 28, galibi a gabashin birnin, suna auna huhunsu. Suka tarar yaran da suka fi shaƙar NO2 huhunsu ya gaza girman da ya kamata da kusan kashi 5 cikin 100. A lokacin akwai dokar 2008 mai cin tarar manyan motoci masu hayaƙi, kuma ta ɗan rage gubar, amma ragin bai kai a ga yawan yara masu ƙaramin huhu ya sauka ba. Wannan ya nuna cewa ɗan gyara kaɗan ba ya isa jikin yaro. A Basalona ta ƙasar Sifen ma, wani bincike na 2015 a makarantu 39 ya gano cewa ƙarfin riƙe abu a ƙwaƙwalwa yana haɓaka a hankali ga yaran makarantun da hayaƙin mota ya fi yawa, idan aka kwatanta da takwarorinsu. Ashe abin ya taɓa karatun kansa, wanda shi ne dalilin gina makarantar tun farko.

Matakin farko da ofishin magajin gari ya ɗauka shi ne tura ƙwararru su duba makarantun firamare 50 da ke wuraren da iska ta fi muni, aka fitar da rahotanninsu a 2018, kowace makaranta aka ba ta fam 10,000 ta fara aiki. Shawarwarin ba wasu masu wuyar ganewa ba ne. A sauya ƙofar shiga daga babban titi zuwa lungu. A mayar da filin wasa bayan gini. A kafa shingen tsiro mai yaɗo tsakanin titi da harabar makaranta. A sauya tsohuwar tukunyar ɗumama ɗakuna. A hana direbobi barin inji a kunne suna jiran yara. Duk sun yi amfani daidai gwargwado, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Jakunkunan da suka auna hanya

A 2019 aka yi wani gwaji da nake ganin shi ne ya fi nuna irin abin da makaranta kaɗai ke iya yi. Yara sama da 250 daga makarantun firamare biyar aka raba wa jakunkunan goyo na musamman. A ido jaka ce irin ta kowane ɗalibi, ana zuba littattafai a ciki, amma an saka mata ƙaramar na'ura mai auna NO2 da PM2.5, da wata mai nuna inda yaro yake. Kamfanin Dyson ne ya ƙera na'urorin, masanan King's College suka jagoranci aikin. Yaro zai goya ta tun daga ƙofar gida, ya bi hanyar da ya saba, ya ajiye ta kusa da shi a aji, ya koma gida da ita, har tsawon mako guda.

Da aka tattara bayanan sai ga shi ƙarara: a matsakaici, NO2 da yaro ke shaƙa a hanyar makaranta ta ninka wadda yake shaƙa a cikin makarantar sau biyar. Waɗanda suka bi manyan tituna a ƙafa su suka fi kwasa. Waɗanda suka ratsa ta lunguna su suka fi kowa tsira. Na cikin mota ma ba su kuɓuta ba, domin mota a cikin cunkoso tana zuƙo hayaƙin ta gabanta ne kai tsaye, gilashi a rufe ko a buɗe.

Muhimmin abin shi ne ba a kulle sakamakon a ofishin jami'a ba. An dawo da shi aji, aka nuna wa yaran taswirar hanyarsu, ga inda layin ya yi sama, ga inda ya sauka. Yaro ɗan shekara tara ya ga da idonsa cewa mahaɗar da yake tsayawa kullum yana jiran danja ita ce wurin da ya fi shan guba. Gani ya kori ji. Kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan da suka shiga gwajin sun ce sun sauya yadda suke zuwa makaranta. Babu wata sanarwar gwamnati da za ta shiga gida ta zauna a wurin cin abinci ta yi ta naci kamar yadda yaro zai yi wa mahaifiyarsa cewa gobe a bi ta bayan layi. Wannan hanya ta makaranta ce, kuma ba ta da na biyu.

Sai dai ga wani abu da bai kamata a tsallake ba. Sauya hanya kauce wa guba ne, gubar tana nan inda take. Kuma sai wanda ke da lungu ne zai bi lungu. Yaron da ƙofar gidansu ke kallon babban titi, makarantarsu ma haka, taswira ba ta da abin da za ta ba shi.

Rufe titi na awa ɗaya

Hukumar sufurin Landan ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyen mota a lokacin cunkoson safe, na kai yara makaranta ne. Wato iyaye da kansu, saboda ƙauna da tsoron kada mota ta buge ɗansu, su ne ke tara hayaƙi a daidai wurin da yara suka fi taruwa, a daidai lokacin da suke taruwar. Kowa ya kawo nasa a mota don titin ba lafiya, titin kuwa motocinsu ne suka hana shi lafiya.

Maganin da aka ɗauko shi ne abin da suke kira titin makaranta. Asalinsa daga garin Bolzano na Italiya ne, tun 1989, ya shigo Birtaniya ta Sikotilan, sannan ƙananan hukumomin Camden da Hackney suka kasance cikin na farko a Landan. Hackney ta fara nata a 2017. Tsarin mai sauƙi ne. Titin da ke gaban ƙofar makaranta ana hana motoci shigarsa na kimanin minti 45 zuwa awa ɗaya da safe, haka kuma lokacin tashi, a ranakun karatu kaɗai. Mazauna layin, da masu buƙata ta musamman, da motocin agajin gaggawa an ɗauke musu. A wasu wuraren malamai da iyaye 'yan sa-kai ne ke jawo shinge su tare bakin layin, su tsaya sanye da riga mai ƙyalli, lokaci ya cika su janye. A wasu kuma kyamara ce ke karanta lambar mota, takardar tara ta iske mai motar a gida.

Wanda ya tsaya a irin wannan layi da safe, abin da zai fara lura da shi shi ne sauyin sauti. Babu rurin inji, babu hon, sai hayaniyar yara da ƙarar tayoyin ƙananan kekuna. Iyaye na tsaye a tsakiyar kwalta suna gaisawa, inda a da kowa ke manne da bango yana riƙe da hannun ɗansa gam.

A nan ya kamata a fayyace rawar makaranta, domin shugaban makaranta ba shi da ikon rufe titin gwamnati. Ƙaramar hukuma ce ke sa hannu a dokar. Amma makaranta ce ke nema, ita ke tara iyaye a zauna, ita ke aika takarda gida-gida, ita ke shan ƙorafin uban da ya makara aiki da maƙwabcin da motoci suka koma ajiyewa a ƙofarsa. Inda shugaban makaranta ya tsaya kai da fata, abin kan zauna. Inda ya yi sanyi, ko an kafa allo sai a yi ta karya doka.

Kafin annobar korona titunan makaranta a Landan ba su kai 100 ba. A 2020, da buƙatar ba da tazara ta sa dole a faɗaɗa wurin tsayuwa a ƙofar makarantu, sai aka yi ta kafa su, zuwa Maris 2022 sun haura 500. An kuma auna. An kafa na'urori 30 a makarantun firamare 18 a ƙananan hukumomin Brent da Enfield da Lambeth, rabi masu titin makaranta rabi marasa shi, sakamakon da ya fito a Maris 2021 ya nuna NO2 na iya sauka da abin da ya kai kashi 23 cikin 100 a lokacin kawo yara da safe. A lura, wannan shi ne mafi girman ragin da aka gani, kuma na wannan ɗan lokacin ne. Sauran awannin yini titin a buɗe yake. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne, tunda jakunkunan goyo sun riga sun nuna cewa wannan awa ita ce mafi muni a ranar yaro.

Ba kowa ya yi na'am ba, kuma abin da aka kafa yana iya rushewa. A watan Oktoban 2022 ƙaramar hukumar Tower Hamlets ta tashi kwashe shingaye da ɗan filin wasan da aka yi a kan titin gaban firamaren Chisenhale. Yara da iyayensu suka fito suka tsaya a kan kayan, suka hana ma'aikata aiki. Daga baya dai an kwashe. Abin tausayi ne a ce 'yan firamare ne za su tsaya gadin iskar da suke shaƙa, amma ya nuna cewa darasin ya shige su fiye da yadda allo zai shigar.

Yarinyar da ta sauya maganar

Ana cikin wannan duka wata shari'a na tafiya a gefe. Ella Adoo-Kissi-Debrah yarinya ce 'yar shekara tara, gidansu na da tazarar mita 25 kacal daga babban titin South Circular a Lewisham, kudu maso gabashin Landan. Cikin shekaru uku an kai ta asibiti kusan sau 30 saboda asma mai tsanani. Ta rasu ranar 15 ga Fabrairu, 2013. Binciken farko kan musabbabin rasuwarta, na 2014, bai ambaci iska ba sam. Mahaifiyarta, Rosamund, wadda malamar makaranta ce, ta ƙi haƙura. Farfesa Stephen Holgate ya kwatanta ranakun da aka kwantar da yarinyar da ranakun da na'urorin unguwar suka nuna gurɓatar iska ta yi sama, ya ga suna tafiya tare. Babbar kotu ta soke binciken farko a 2019, kuma a Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa, Philip Barlow, ya yanke cewa gurɓatar iska ta taka rawa a rasuwarta. Ita ce ta farko a Birtaniya da aka rubuta haka a takardar shaidar mutuwarta.

Wani abu a hukuncin ya shafi makarantu kai tsaye: an tabbatar cewa ba a taɓa sanar da mahaifiyar haɗarin da iskar ke yi wa 'yarta ba. Na'urori suna aunawa, alƙaluma suna taruwa, amma ba su isa kunnen wadda ta fi buƙatarsu ba. Makaranta ita ce hukumar da ke ganin yaro kwana biyar a mako, ta san wanda ke ɗauke da maganin shaƙa a jaka, ta san wanda ke yawan fashi saboda ƙirji. Idan ranar da aka yi hasashen iska za ta yi muni saƙo bai fita daga ofishinta zuwa iyayen irin waɗannan yara ba, to an bar ƙofa mafi kusa a rufe.

Wa ya sauke alƙaluman?

A 2016 makarantun gwamnati na firamare da sakandare 455 ne ke wuraren da NO2 ta haura iyakar doka. A 2019 suka koma 14. Saukar ta yi yawa, kuma dole a faɗi gaskiya a kanta: yawancin titunan makaranta ba a ma kafa su ba a lokacin, shingen tsiro kuwa ba zai iya wannan aiki ba. Abin da ya sauke ta shi ne dokokin birni gaba ɗaya, haɗe da sauyin motoci zuwa sababbin injuna. Daga 2017 aka fara cire tsofaffin bas-bas daga titunan da suka fi gurɓata, aka soma da babban titin Putney. Daga Janairun 2018 ba a ba sabuwar tasi lasisi sai mai iya tafiya da lantarki. Ranar 8 ga Afrilu, 2019 aka fara tsarin ULEZ, wato yankin taƙaita hayaƙin mota, a tsakiyar birni, inda tsohuwar mota mai hayaƙi ke biyan fam 12.50 kowace ranar da ta shiga. An faɗaɗa shi a Oktoban 2021, sannan ya game dukkan Landan a Agustan 2023, bayan an kai ruwa rana, har ƙananan hukumomi biyar suka kai ƙara kotu suka sha kaye. Kukan masu tsofaffin motoci da ba su da halin sauyawa kuka ne na gaskiya, kuma tallafin da aka ba su bai share hawayen kowa ba.

To ina makaranta a nan? A ganina ita ce shaidar da ta sa dokar ta yiwu. Da wuya ɗan siyasa ya ɗora wa direbobi haraji saboda wani adadi na mikrogiram. Amma da aka ce makarantu 433, aka jera sunayensu, iyaye suka ga sunan ta 'ya'yansu, maganar ta sauya. Dokar kuma ta dawo ta taimaki makaranta. Wani bincike na jami'o'in Cambridge da Queen Mary da ya fito a 2024 ya kwatanta yaran tsakiyar Landan da na garin Luton, inda babu irin wannan doka. A Landan, huɗu cikin goma na yaran da ake kaiwa a mota sun koma tafiya a ƙafa, ko keke, ko motar haya bayan fara ULEZ. A Luton biyu cikin goma ne.

Shi ya sa nake jin zafi idan na ga an taƙaita aikin makaranta a kan gasar zane da wa'azi ga iyaye su kashe inji, a tafi ana ganin an sauke nauyi. An bar jaki ana dukan taiki. Malamin aji uku ba shi ya sayo bas mai dizal ba, ba shi ya bi da manyan motoci ta gaban makarantar ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa yaro ɗan shekara bakwai alhakin gyara abin da manya suka ɓata da sa hannunsu.

Tsugune kuma ba ta ƙare ba. A Satumban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke ma'auninta na NO2 daga mikrogiram 40 zuwa 10, na PM2.5 daga 10 zuwa 5, saboda hujjoji sun nuna illa na samuwa a ƙasa da inda aka zata. Tun kafin wannan sauyi, lissafin ofishin magajin gari ya nuna kashi 98 cikin 100 na makarantun Landan suna wuraren da PM2.5 ta wuce tsohon ma'aunin. Motar lantarki ma tana da taya da burki, saboda haka sauya inji kaɗai ba zai kawar da wannan ɓurɓushi ba, sai an rage yawan motocin.

Sannan titin makaranta ya fi yiwuwa a layin unguwa, inda dama iskar ta fi dama-dama. Manyan hanyoyin da hukumar sufurin birnin ke kula da su kashi 5 cikin 100 ne na titunan Landan, amma suna ɗaukar kusan kashi 30 na zirga-zirgar motoci, kuma babu mai rufe su don an tashi daga makaranta. Makarantun da ke bakinsu su ne suka fi buƙata, su ne kuma tsarin ya fi tsallakewa. A 2024 ofishin magajin gari ya ware fam miliyan 2.7 don saka na'urorin tace iska a azuzuwan makarantun firamare 200, za a fara da wuraren da suka fi gurɓata da talauci. Wannan zai tsabtace awannin da yaro yake zaune a aji. Hanyar zuwa da ta komawa, wadda aka auna ta ninka ta cikin makaranta sau biyar, tana hannun hukumar sufuri da ƙananan hukumomi.